BAN YAFE BA

Shafi na 31

Da sunan Allah mai riƙe tsuntsu a sama, da shi muka buɗe.

Masu cika min waya da "ina aka kwana da Tahira", ku matso. Wanda ya shigo yau kuma ga inda muke a taƙaice. Tahira 'yar Malam Abdulmumini ce, manomi mai karantarwa a zauren gidansa da ke Rijiyar Ɗinya, can gefen Makoɗa. Ita ta ci musabaƙar izu sittin ta jiha. Gobe da hantsi za a kira suna a musabaƙar ƙasa a Legas, wadda ba ta amsa ba an cire ta. 'Yan tawagarsu sun riga sun tafi, ita ta tsaya jinyar Inna sai da ta ga ta miƙe. Jirgin yamman nan shi ne na ƙarshe. Gari guda ya bar cirar gyaɗa ya cika hayis biyu ya yo mata rakiya.

*

Sa'adiyya ta shigo zauren filin jirgi da ledar ruwa a hannu tana sauri. Ita ce babbar yayar Tahira, malamar sakandare a Ungogo, mace mai baki kamar sabuwar aska.

Turus ta yi.

Jakar Tahira ce a ƙasa, wadda matan gari suka danƙare da ƙuli-ƙuli da dakuwa. Ba ta kan sikeli. Layi kuma ya watse.

"Ke, me jakarki take yi a nan?"

Tahira ta sunkuyar da kai, tana murza gefen hijabi.

"Yaya, wai wuri ya ƙare."

"Wuri ya ƙare kamar yaya? Hayis ɗin Ɗanbatta ce?"

"Haka suka ce."

"Ina tikitinki?"

"Ga shi."

"Sunanki ne?"

"Sunana ne."

"Ranar yau ce?"

"Ita ce."

Sa'adiyya ta juya kanta. Wani saurayi ne a tsaye da rigar kamfani, oba-oba, 'yar rediyon kira, a hannu, murmushi har kunne. A ƙirjinsa an rubuta Zubair. Shi ne manajan da ke kula da fasinja.

"Hajiya, sannu da zuwa. Ai an riga an gama magana."

"Da wa aka gama?"

"Da Baba."

Ya nuna Malam Abdulmumini da ke zaune a kujerar ƙarfe, rawani a kafaɗa, yana jan carbi kamar ba a kansa ake ba.

"Ni ba a gama da ni ba. Yi min bayani."

Zubair ya gyara tsayuwa. "Abin ba wani abu ba ne. Kamfani yakan sayar da tikiti ya ɗan ɗara yawan kujeru, saboda kullum sai an samu waɗanda ba su zo ba. To yau kowa ya zo."

"Wato ka sayar wa mutum biyu buhun gyaɗa ɗaya, kana addu'ar ɗaya ya kwanta zazzaɓi."

Wata ma'aikaciya a bayan kwamfuta ta danne dariya da tari.

"Ba haka ba ne, Hajiya. Ko'ina a duniya ana yi. Mun ce za mu sa ta a jirgin gobe."

"Yaushe yake sauka?"

"Wajen azahar."

"Da hantsi ake kiran suna."

"Sai haƙuri. Mai haƙuri..."

"Yakan dafa dutse, na sani. Alƙalan musabaƙa ne ba sa jiran dutse ya nuna."

Malam ya ɗago. Ba ya kiran sunan Sa'adiyya, 'yar fari ce.

"Ke 'yar nan, rage murya. Kina tara mana mutane."

Nan take ta sassauta, ta matsa kusa da shi ta rage tsawo.

"Baba, me kuka ce masa?"

"Yaron nan ya zo har gabana ya durƙusa. Ya ce Baba a taimaka, a yi mana kara. Mutum ya durƙusa maka ka ce masa a'a? Na ce Allah bai nufa ba, mun yafe."

Sa'adiyya ta runtse ido. Ta buɗe. Ta waiga wajen ƙanwarta.

"Tsaya tukuna. Mu da muka zo tun rana na tsaka, ya aka yi kika zama ta ƙarshe? Da na fita ke ce ta uku a layi."

Tahira ta saci kallon Malam.

"Baba ya ce kafin ya tafi jan sallar la'asar, duk babban da na gani a bayana in ba shi hanya. Ya ce mahaddaciya ba ta gogayyar kafaɗa."

"Sai kika yi ta bayarwa."

"Wata tsohuwa ce mai sanda ta fara zuwa. Sai wasu Alhazai. Sai wata Hajiya da jikokinta. Duk wanda na waiga sai in ga ya haife ni."

"Innalillahi. Na ƙarshen fa?"

"Wani dattijo ne mai takunkumi a fuska. Jakarsa ta yi masa nauyi, na ɗora masa a sikeli. Yana karɓar katinsa, suka ce min shi ke nan."

Sa'adiyya ta dafe kai da hannu ɗaya. Ta gilashin ƙofa kana hango mutanen Rijiyar Ɗinya sun yi cincirindo, mata sun manna fuska, yara an ɗora su a kafaɗa. Su duk a zatonsu yanzu za su ga Tahira ta ɗaga musu hannu ta shige.

Ta sauke hannu. Ta taka har gaban Zubair.

"Malam Zubairu, ka yi shela?"

"Shelar me?"

"Kar ka mayar da ni baƙauya, ko da yake ita ce ni. An taɓa yi min irin wannan a Fatakwal ina bautar ƙasa, na kwana a benci, sai daga baya na san abin da na bari. In kujeru suka gaza, doka ta ce ku fara shela, ku nemi wanda zai sauka don kansa, ku faɗi abin da za ku ba shi. Ka yi?"

"Lokaci ne ya ƙure..."

"Ka yi ko ba ka yi ba?"

Zubair ya kau da kai.

"In ba a samu ba, kuka sauke mutum ba da son ransa ba, akwai diyya a kanku. Akwai abinci. In kwana ya kama akwai masauki. Kuma shi zai zaɓa, a mayar masa da kuɗinsa ko a nema masa wani jirgin mafi kusa. Ƙarya na yi?"

"Hajiya..."

"Shi ya sa ka tsallake yarinyar ka je ka durƙusa wa dattijo. Ka ga rawani, ka san ba zai iya ce maka a'a ba. Kana so a ce ita ta sauka da kanta."

Murmushin Zubair ya ɗan kwanta, amma bai mutu ba.

"Ko ma mene ne, uba ya yi magana. Ni ɗan Musulmi ne, ban isa in tsallake maganar uba ba. Ke ma na san ba za ki tsallake ba."

Wannan ta shiga. Zubair ya ga ya samu sa'a, ya juya zai wuce.

Sai ga Sa'adiyya a ƙasa, gwiwa biyu, a gaban Malam, a kan tayil ɗin filin jirgi.

"Baba, ku gafarce ni. Tambayar karatu zan yi."

Malam ya tsayar da carbi. Duk duniya ba abin da ba ya iya ƙi kamar tambayar karatu.

"Ina ji."

"Shekarar da awakin Fatihu suka cinye dawar Gwaggo Luba, mai gari ya tara mutane ya ce an yafe, a tashi. Wa ya miƙe a cikin taron?"

Malam ya gyara zama.

"Ku ne, Baba. Kuka ce ranka ya daɗe, ba gonarka ba ce. Kuka ce haƙƙin bawa mai shi kaɗai ke yafewa, ko liman bai isa ba. Har gida aka je aka tambayi Gwaggo Luba."

"An yi haka."

"To sunan wa ke kan tikitin nan?"

Malam ya daɗe yana kallon takardar da ke hannun Tahira. Ya shafa gemu. Ya yi wani ɗan guntun murmushi na wanda ɗalibinsa ya kama shi a gyara.

"Yaro," ya ce da Zubair, "dawo. Na yi kyauta da abin da ba nawa ba. Ga mai shi nan, tambaye ta."

Zubair ya dawo da murya kamar zuma.

"Ƙanwata, Malama Tahira. Kin ji dai abin da Baba ya fara faɗa. Ke mahaddaciya ce, kin fi ni sanin falalar yafiya. Kin haƙura ko?"

Tahira ta dubi mahaifinta.

Tunda take ba ta taɓa cewa a'a a inda Baba ya ce to ba. Ko tuwo ya ce ya yi gishiri, to ya yi.

Amma sai ta tuna gonar gero. Ta tuna tana kan dakali tana korar tsuntsu, tana bitar izu bayan izu har muryarta ta dushe. Ta tuna Inna da safen nan, a jingine da bango, ta kamo hannunta ta ce, "Kin tsaya min, yanzu je ki tsaya wa kanki."

Ta buɗe baki. Abin da ya fito ko sauro ya fi shi ƙara.

"Na'am?" in ji Zubair, ya karkato kunne. "Kin ce kin yafe?"

Tahira ta ɗago kai.

Muryar nan ce ta fito, wadda take cika filin musabaƙa ba lasifika.

"Ban yafe ba."

Har masu goge tayil sai da suka tsaya.

"Ban yafe ba, Yaya Zubairu. A yi shelar."

Sa'adiyya ta miƙe tana karkaɗe gwiwa. Ta nuna wani teburi a lungu mai allon hukumar kula da jiragen sama.

"Ga teburin kare haƙƙin fasinja can. Ka yi shelar ne, ko mu taka tare?"

Zubair ya kai oba-oba baki. Ya yi magana ƙasa-ƙasa. Aka amsa masa da hayaniya. Ya sake yi. Ya share gumi da bayan hannu.

Can sai lasifika ta ɗauka, da Turanci, sannan da Hausa. Ana neman fasinja ɗaya na jirgin Legas da zai sauka don kansa. Kamfani zai ba shi masauki da abinci da jirgin gobe da abin hasafi. Fasinja Tahira Abdulmumini Rijiyar Ɗinya tana da uzurin da ba ya jira.

Suka zuba wa ƙofar ɗakin jira ido.

Ta gilashi ana hango fasinja sun miƙe sun ja layin fita wajen jirgi. Wani ya duba agogo. Wata ta gyara wa yaro hula. Alhazan nan biyu da Tahira ta ba hanya suka dukufa kan waya kamar an aiko musu da labarin rasuwa.

Ba wanda ya waigo.

Aka sake shela.

Layi ya fara tafiya.

"Kun gani," in ji Zubair, wannan karon ba murmushi. "Na yi abin da doka ta ce. Za a ba ta diyyarta, za a ba ta masauki. Amma ba zan iya jawo mutum daga layi da ƙarfi ba."

"Diyya za ta amsa mata suna a Legas?" in ji Sa'adiyya.

Tahira ta sunkuya ta kama hannun jakarta. Hawaye ya ɗiga a kan zik ɗin.

"Ina yarinyar da ta ɗora min jaka?"

Duk suka juya.

Dattijon nan ne mai takunkumi. Ya fito daga ɗakin jira yana ɗan ɗingishi, farar hula a ka, katin shiga jirgi a hannu.

"Ke ce Tahira?"

"Ni ce, Baba."

"Rijiyar Ɗinya aka ce? Wadda ake ratsewa daga Makoɗa, a bi ta gindin ɗorawa?"

"Ita ce."

"Ikon Allah. Ashe jinina ne ya ɗora min kaya."

Ya sa yatsa ya sauke takunkumin.

Ledar ruwan da ke hannun Sa'adiyya ta faɗi ta fashe.

"Baffa Sama'ilu."

Tahira ba ta taɓa ganinsa ba, amma ta san sunan. Suna ne da ba a faɗa a gidansu sai an leƙa ko Baba yana kusa. Ƙanin Malam ne ciki ɗaya. Tun tana goye ya sayar da rabonsa na gonar gado wa baƙo, bai ko yi wa yayansa tayi ba, har da tsamiyar da mahaifinsu yake karantarwa a gindinta. Ya tattara ya koma birni yana fataucin kayan masarufi. Ranar Malam ya rantse a gaban jama'a, shi da abin da ya haifa ko ruwa ba za su karɓa daga hannun Sama'ilu ba.

Malam ya miƙe tsaye. Carbin ya shige aljihu.

"Tahira, ɗauki jakarki."

"Yaya, ko sallama ba za a amsa ba?" in ji Sama'ilu. "Tsamiyar da ake faɗa a kanta ma ta zubar da ganye ta sake sau nawa."

"Ban yi da kai ba."

"Ni ma ba da kai na yi ba. Da ita na yi." Ya miƙa wa Tahira katin. "Ungo, 'yata. Ni kaya zan je dubawa a tashar jirgin ruwa, kaya kuwa ba sa amsa suna. Kuma ba kyauta na yi miki ba. Wurinki ne na tsaya."

Katin yana tsakaninsu, yana ɗan kaɗawa a iskar fanka.

Oba-oban Zubair ya yi ƙara. Ya saurara.

"Suna shirin janye matakala. In za a yi, yanzu ne."

Sa'adiyya, mai bakin nan, ta ja da baya. Tambayar karatu ta ƙare. Wannan rantsuwa ce, kuma tana wajen aka yi ta.

Tahira ta dubi katin. Ta dubi ƙofa. Ta dubi mahaifinta.

Ta durƙusa.

"Baba, ɗazu haƙƙina ne, na yi magana. Wannan rantsuwarku ce. In kun ce in bari, wallahi na bari, kuma ba zan yi kuka a gabanku ba."

Tana faɗa tana kuka.

Malam ya dubi 'yarsa a ƙasa. Ya dubi ƙofar gilashi, inda gari guda ya bar gyaɗa a gona ya zo ya manna fuska. Bai dubi ƙaninsa ba. Leɓensa yana motsi kamar mai bin layin littafi da ido.

"Malam, lokaci," in ji Zubair.

"Yaro, zo nan."

Zubair ya matso.

"Katin nan sunan wa ke kansa?"

"Na Alhaji."

"Za ta iya shiga da shi?"

"A'a. Sai ya mayar mana, mu soke, mu buga mata nata."

"To me kake jira? Karɓi kayanka daga hannun mutumin nan. Kai ka hana ta, kai za ka ba ta. Ni 'yata ba ta karɓi komai a hannun kowa ba sai haƙƙinta a hannun kamfani."

Sama'ilu ya tuntsire da dariya har yana riƙe gwiwa.

"Yaya ke nan. Karatu bai ci amanarka ba."

Zubair ya fizge katin ya yi tsalle bayan kanta. Ma'aikaciyar nan yatsunta har ba a gani a kan kwamfuta. Sa'adiyya ta sunkuci jakar ƙuli-ƙuli ta maka a sikeli da hannu ɗaya. Inji ya yi ƙara, ya tofo sabon kati.

Tahira Abdulmumini.

"Gudu," in ji Zubair, yana ihu a oba-oba a riƙe matakala.

Maimakon ta gudu sai ta sake zubewa gaban Malam ta tara hannu.

"Baba, addu'a."

"Tashi ki gudu. Addu'a ta fi jirgi sauri, za ki tarar da ita a can."

Ta kwasa. Hijabi yana tashi a bayanta. A bakin ƙofar bincike wani tsoho ma'aikaci ya zo wucewa da bokiti, ta ja birki za ta ba shi hanya.

"Tahira, in kika tsaya sai na ci ƙaniyarki!" Sa'adiyya ta ƙwalla.

Ta shige.

A waje guɗa ta ɓarke. Matan Rijiyar Ɗinya ba su san me aka yi ba, sun dai ga ta shige, ya ishe su.

Zubair ya dawo yana haki, ya tsaya gaban Sama'ilu.

"Alhaji, mun gode. Za a fito maka da jakarka. Motar kamfani za ta kai ka otal."

"Otal? Ni da nake da gidan uba?"

Ya mayar da takunkumin aljihu, ya karɓi jakarsa, ya bi bayan Malam da ya riga ya yi gaba ba waiwaye.

Suna fita guɗar ta yanke kamar an sare ta da lauje. Tsofaffin gari suka gane shi. Wata ta dafe ƙirji. Mai gari ya cire hula ya mayar.

Sama'ilu ya wuce su kai tsaye wajen hayis ɗin gaba, inda Badaru direba yake goge gilashi.

"Direba, akwai wuri zuwa Rijiyar Ɗinya?"

Badaru ya leƙa mota. An cika maƙil, har da na zaune a kan injin.

"Wuri ɗaya ne, Alhaji. Wanda Tahira ta tashi."

"Ina ne?"

"Gaba. Kusa da Malam."

Malam ya riga ya shiga ya zauna, hannunsa a kan murfin ƙofa, bai rufe ba, bai saki ba.

Ƙarar jirgi ta taso ta bayan gini, ta girgiza ƙasa, jirgin ya ɗaga ya bi ta kansu. Yara suka yi ta nuna sama. Manya ba wanda ya ɗaga kai. Kowa hannun Malam yake kallo.

Sama'ilu ya ajiye jaka a ƙasa. Ya dafa motar.

"Yaya, in shigo?"